Dillalin Da Ba A Gani: La'ada Da Karkatar Da Mai Saye A Intanet

Duk wanda ya taɓa kai saniya kasuwar Wudil ko ta Potiskum, ko ya shiga Kurmi neman riga, ya san dillali, ya kuma san la'ada. Dillali ba ya ɓuya. Yana tsaye tsakanin mai kaya da mai saye, ana tayi ana albarka a gabansa, in an sallama ya karɓi rabonsa kowa yana kallo. Haka nan dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin zannuwa da tasoshi. Matan gida sun san ba zumunci kaɗai ya kawo ta ba, saboda haka in ta yabi kaya sukan rage wani abu daga cikin yabon kafin su gaskata. Wannan sani da mai saye ya yi wa dillali shi ne rabin kariyarsa.

To, yanzu ga wani sabon dillali ya shigo gari, wanda mai saye ba ya ganinsa, sau da yawa ma bai san da shi ba. Matasanmu da dama, maza da mata, sun kama wannan sana'a da wayar hannu, waɗansu kuma suna haramar shiga, suna tambaya ko abin da ake samu halal ne. Mun ga ya kamata mu fara bayyana yadda abin yake tafiya tukuna, domin ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa.

Kamfanin da ke sayar da kaya ta intanet yakan yi shela cewa duk wanda ya kawo masa mai saye zai ba shi wani kaso na kuɗin cinikin. Wanda ya yarda ya yi rajista, sai a ba shi adireshi na musamman ga kowane kaya, wanda aka cusa lambarsa a ciki. Shi kuma ya ɗauki adireshin nan ya liƙa a ƙarƙashin bidiyonsa na YouTube, ko a cikin bayanin da ya rubuta game da wata waya ko keken ɗinki, ko ya aika wa jama'a ta WhatsApp. Duk wanda ya danna sai ya tsinci kansa a kantin kamfanin, a lokaci guda kuma a ajiye wata 'yar shaida a cikin wayarsa, wadda masu sana'ar ke kira kuki. Aikin shaidar nan guda ɗaya ne, watau in mutumin ya yi sayayya ta gaya wa kamfani ta hannun wa ya zo.

Kamfanin Amazon na Amurka shi ya yayata wannan hanya da shirin da ya buɗe a 1996, sa'ad da littattafai ne hajarsa. A ƙa'idarsa shaidar takan yi aiki awa 24 daga lokacin da aka danna. In kuwa mutum ya jefa kaya cikin kwandon sayayya a waɗannan awoyi, dillali yana da la'adarsa muddin an biya kuɗin kafin kwandon ya tashi aiki, abin da yakan kai kwana 90. A Nijeriya ma, Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Ikko a 2012, sun buɗe irin wannan shiri. Galibi ba a ƙara wa mai saye ko kwabo, daga ribar kamfani la'adar take fita.

Adireshin da kamfani ke bayarwa dogo ne, cike da haruffa da lambobi, ba mai iya haddace shi balle ya faɗe shi da baki. Don haka dillalan da suka goge sukan yi wata dabara. Sai mutum ya yi rajistar sunan gida nasa na kansa a intanet, ya ƙago gajerun adireshi a ƙarƙashin sunan nan, a ce sunan gidansa sa'an nan kalmar "keke" ko "fitila". Waɗannan gajerun su yake rarraba wa mutane. A bayan fage kuwa yana da jadawali: mai neman keke a kai shi wuri kaza, mai neman fitila a kai shi wuri kaza. Wanda ya danna gajeren, wayarsa takan fara yin sallama a gidan dillali, na'urar gidan ta amsa mata cewa abin da ake nema ba ya nan yana can, sai wayar ta wuce, mai ita bai lura ba domin abin bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan shi ake kira karkatarwa. Kamar zaure ne, baƙo ya shigo ta ƙofa ɗaya a fitar da shi ta wata, maigida kaɗai ya san inda ta biyun ta buɗe.

Amsar da na'urar ke bayarwa tana da lamba. In ta ce 301, ma'ana an tashi daga nan ke nan har abada. In ta ce 302 ko 307, ma'ana tashin na ɗan lokaci ne. Bambancin ba ƙarami ba ne ga mai sana'a, domin waya ko kwamfuta in ta ji 301 takan riƙe, gobe ba za ta sake tsayawa a zauren ba, sai ta miƙe zuwa wurin da aka nuna mata jiya ko da maigida ya sauya jadawalinsa. Shi ya sa da yawansu suka fi son 302 ko 307.

Amfanin dabarar a fili yake. A ce mutum ya liƙa adireshin wata fitila mai aiki da hasken rana a wuri 200 cikin shekara 3. Ran nan kamfani ya daina sayar da ita, ko ya sauya fasalin adireshinsa, ko ya rufe shirin ɗungum. In adireshin kamfanin ya liƙa kai tsaye, tilas ya bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, waɗansu ma, kamar saƙon da ya riga ya bazu a wayoyin mutane, ba shi da ikon taɓa su. In kuwa ta zaurensa ake bi, layi ɗaya zai gyara a jadawali, shi ke nan. Irin wannan sauyi kuwa yana aukuwa. A watan Afrilu na 2020 Amazon ya zaftare la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 cikin 100 zuwa 3, ta kayan masarufi daga 5 zuwa 1, da sanarwar mako guda kacal. Waɗanda suka ari zauren wani ma sun ga darasi: Google ya buɗe hidimar gajarta adireshi mai suna goo.gl a 2009, ya daina ba da sababbi a 2019, a 2025 kuma ya kashe waɗanda aka daina bi ta kansu.

Yanzu sai mu zo ga hukunci. Asalin dillanci halal ne, wannan ba sabon zance ba ne. Imamul Buhari ya ware babi ga ladan dillali a cikin littafin ijara na Sahihinsa, inda ya ambaci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim Annaha'i da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba. Ya kuma kawo daga Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, halaccin mai tufa ya yanka wa dillali farashi, abin da ya haura ya zama na dillalin. Sahabi Ƙaisu ɗan Abu Garaza ya ba da labarin cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dillalai ake kiransu. Ya zo ya iske su, bai hana su sana'arsu ba, sai ya kira su 'yan kasuwa, ya hore su da su gauraya cinikinsu da sadaka saboda rantse-rantse da yasasshen zance da ba a raba ciniki da su.

In an duba shirin nan na kamfanoni da kyau, ya fi kama da abin da malaman fiƙihu ke kira ji'ala, watau jinga: a yi alkawarin lada ga wanda ya cim ma wata bukata, in bai cim ma ba ba shi da kome. Daga cikin dalilanta akwai aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya ɗauka a gaban malaminsa, ta bayyana cewa mai jinga ba ya samun lada sai aiki ya kammala, kuma ba a yanka wa jinga wa'adi. A nan ne mai lura zai ɗaga hannu ya ce, to, yaya ke nan da awa 24 ɗin nan? A ganinmu awa 24 ba wa'adin aiki ba ne, domin dillali yana iya yin tallansa shekara 10 ba wanda ya tsayar da shi. Ma'auni ne kawai na gane ko cinikin ta hannunsa ya zo, an kuwa bayyana masa sharaɗin tun kafin ya sa hannu.

Saura batun kaso. Malaman da sun sharɗanta lada ya zama sananne, saboda haka waɗansu suka ƙi yarda da kason kuɗin da ba a riga an san yawansa ba. Waɗansu kuma, musamman Hambalawa, suka sassauta, masu fatawa na wannan zamani da yawa suka bi sassaucin, tun da yake kason sananne ne, farashin kaya a rubuce yake, ba wani duhun da zai kai ga husuma. Dillalan gidaje da filaye a garuruwanmu ma da kaso suke karɓa. Wannan ra'ayi shi muka fi natsuwa da shi. Abin da ba gardama a kansa kuwa shi ne, la'adar cinikin da aka riga aka ƙulla bashi ce a wuyan kamfani, in zai yi ragi sai a kan na gaba.

Ke nan la'adar ba ita ce abin tsoro ba, karkatarwar ma a kan kanta dabarar tsara aiki ce, kamar littafin ajiyar ɗan kasuwa. Wurin zamewar ƙafa shi ne, zauren nan yana ba maigida ikon ɓoye abin da dillalin kasuwa bai taɓa iya ɓoyewa ba.

Farkon abin da yakan ɓoye shi ne kansa. Gajeren adireshi mai tsabta ba ya nuna lambar kowa, ba ya nuna akwai kuɗi a bayansa. Sai mutum ya fito da rigar mai ba da shawara, ya ce ni na gwada wayoyi biyar, wannan ta fi, alhali kuwa abin da ta fi sauran da shi la'ada ce. Mai sauraro bai rage kome daga yabon ba, domin bai san da dillali yake magana ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa amana ce aka ɗora masa. Mun sani ana iya cewa ai ba a ƙara wa mai saye kuɗi ba, me ya yi hasara? Ya yi hasarar zaɓinsa. Da ya san akwai la'ada da ya nemi bakin wani, watakila ya sayi wadda ta fi arha ko ta fi ƙarko. Albashin wata guda na wani ma'aikaci, ko kuɗin adashin wata mata na shekara, shi ake jefawa a kan maganar nan.

In aka haɗa da yabon ƙarya, abin ya shiga wani babi. Najashi, wanda aka hana a hadisin Ibn Umar da ke cikin Muwaɗɗa, asalinsa shi ne mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta lissafa tallan da ke siffanta kaya da abin da babu a cikinsu daga cikin sababbin kamannin najashi. Wanda bai taɓa riƙe kaya a hannunsa ba, ya kwafo yabon kamfani ya ce shi ya gwada, sai ya duba inda ya tsaya.

Hukumomin duniya ma sun gano wannan ɓaraka. Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta sabunta ƙa'idojinta a 2009, ta sake a 2023, tana wajabta wa mai yabon kaya ya bayyana alaƙarsa ta kuɗi da mai kayan a wurin da ido zai gani. Amazon kansa ya sharɗanta wa dillalansa su faɗa cewa suna samun la'ada, ya kuma hana gajarta adireshi ta yadda mai dannawa ba zai gane kantinsa za shi ba. Google kuma a 2019 ya fito da wata alama da ake maƙala wa adireshi domin na'urarsa ta bincike ta san na kuɗi ne. Abin da ke ba mu mamaki, akwai masu kiyaye wannan alama sau da ƙafa don tsoron kada na'ura ta mai da su baya, amma ɗan Adam da zai fitar da kuɗinsa ba su ga ya cancanci jimla ɗaya ta gaskiya ba. Jimlar kuwa ba ta da tsada: in ka saya ta nan ina da la'ada. A rubuta ta kusa da adireshin, da harshen da mai karatu ke ji, ba can ƙarshe da ƙananan baƙaƙe ba.

Wanda ya fi wannan muni, kuma shi ne cutar da karkatarwa ta keɓanta da ita, shi ne sauya ƙofar fita bayan an riga an ba da shaida. Mutum ya yabi fitilar wani kamfani bara, da gaskiyarsa kuwa, ya gwada ta ya ga ingancinta. Bana sai wani kamfani ya zo da kaso mafi tsoka a kan wata fitila da bai taɓa kunnawa ba. Ya shiga jadawali ya gyara layi ɗaya. Bidiyon bara yana nan, muryarsa tana nan tana rantsuwa, amma duk wanda ya danna wani kaya dabam za a miƙa masa. Bai furta ƙarya ko ɗaya da bakinsa ba, duk da haka ya yi algus. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Tsohon yabo a sama, sabon kaya a ƙasa, ba mu ga bambanci ba. In kayan ɗaya ne, kanti kawai aka sauya, kuma sabon kantin amintacce ne, farashinsa bai fi ba, wannan ba kome. In kuwa kayan ne ya sauya, tilas yabon ya sauya tare da shi, ko a rufe ƙofar.

Akwai kuma cin la'adar wani. Yawancin kamfanoni wanda aka danna adireshinsa a ƙarshe shi suke biya, wannan ƙa'ida kuwa ta buɗe wa ɓarayi hanya. Wata dabara ita ce a cusa wa mutum shaidar nan a waya ba tare da ya danna kome ba, ta hanyar karkatarwa ɓoyayyiya, domin duk ran da ya yi sayayya don kansa a ce wane ne ya kawo shi. A 2014 wata kotun tarayya a Amurka ta ɗaure mutum biyu a kan yi wa kamfanin eBay haka, ɗaya wata 5, ɗaya wata 15. Na farkon, la'adar da eBay ya biya shi a tsawon shekaru ta haura dala miliyan 28. A watan Disamba na 2024 kuma aka zargi manhajar Honey, wadda PayPal ya saya a kan kimanin dala biliyan 4, da cewa takan maye shaidar dillalin da ya yi wahalar kawo mai saye da tata a daidai lokacin biyan kuɗi. PayPal ya ce ƙa'idar kasuwar yake bi, aka shigar da ƙararraki, Google kuma ya tsaurara dokarsa a kan irin waɗannan manhajoji a watan Maris na 2025. A kasuwar shanu, dillalin da ya jira wani ya gama shan rana da mai saye sa'an nan ya zo ya kama igiya a lokacin sallamawa, gaban sarkin kasuwa ake kai shi. Samun kuɗi a kan aikin da mutum bai yi ba cin dukiyar mutane ne da ɓarna, ko kamfanin da aka cuta na wane ne, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba.

Sai abin da ake dillancinsa. Nan ba sai mun tsawaita ba, la'ada tana bin hukuncin kayanta. Kamfanonin cacar ƙwallo suna daga cikin masu ba da kaso mafi yawa, sau da yawa ma kason daga hasarar ɗan cacar ake yanka shi muddin yana yi, watau arzikin dillali yana cikin tsiyar wanda ya kawo. Haka manhajojin bashi da ruwa. Gajeren adireshi mai suna "tallafi" ko "dama" ba ya wanke su, sai ma ya ƙara laifin yaudara a kan na taimakon saɓo. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne babban kanti mai sayar da kome da kome, inda ka aika mutum sayen littafi ya ƙara da abin da bai halatta ba, aka lissafa maka la'ada a kai. Rahoton da kamfani ke ba dillali yakan nuna kayan da aka saya, sai ya ware wannan kason ya fitar da shi ga mabukata, kada ya gauraya da abincin iyalinsa. Kada kuma a rikita wannan sana'a da tsarin nan na biya ka shiga ka kawo wasu su biya, inda babu kayan kirki sai kuɗin na baya ake ba na gaba. Waɗanda MMM ta rufe da kuɗinsu a watan Disamba na 2016 ba su manta ba.

Wani abu da masu sana'ar ba su cika tunawa da shi ba shi ne, sunan gida a intanet haya ne, ana sabunta shi shekara-shekara. In mai shi ya gaji ya bari, ko ya kwanta ciwo, ko rai ya yi halinsa, sunan yakan koma kasuwa, akwai kuwa masu farautar irin waɗannan sunaye saboda baƙin da ke ci gaba da zuwa. Wanda ya saya shi ya gaji zauren da dukan ƙofofinsa, yana iya juya su zuwa gidan caca ko na batsa, alhali muryar mai gidan na farko tana nan tana cewa jama'a ku danna nan. Saboda haka jadawalin nan ya cancanci a riƙe shi kamar littafin bashi: a rubuta kowane gajeren adireshi, da kayan da aka yaba, da inda yake kaiwa, da ranar da aka sauya shi, a riƙa bi lokaci-lokaci ana dannawa a ga inda yake sauka. A kuma sanar da wani amintacce inda mabuɗin yake, domin la'adar da ba a karɓa ba tana cikin dukiyar da magada za su raba, ƙofofin kuma suna bukatar mai rufe su. Wanda ya yi niyyar barin sana'ar, kafin hayar sunan ta ƙare sai ya bi tsofaffin bidiyonsa da rubuce-rubucensa ya cire adireshin daga duk inda hannunsa zai iya kaiwa.